Satar da Rediyo Ya Riga Mai Kaya Sani

Ranar Litinin da safe Sufeto ya ji labarin satar a rediyo, kamar yadda ya saba jin yawancin abubuwan da suka shafi aikinsa.

Yana zaune yana kaɗa shayi, ƙaramin rediyon Saje na ɓaɓatu a kan kanta. Gidan rediyo ɗaya ne a ƙaramar hukumar, mai shirin laifuffuka ma ɗaya ne, wani siririn mutum da gari ke kira Ɗumi-Ɗumi. Bai taɓa bari labari ya huce ba. Sau da yawa ma ba ya bari ya nuna.

"Jama'a, ku kasa kunne! An fasa ɗakin ajiya na asibitin haihuwa, an kwashe baturan sola kakaf. Wani ganau, wanda muka sauya wa murya saboda tsaro, ya ga ɓarawon da idonsa. Mai walda ne, bai daɗe da fitowa daga gidan yari ba."

Aka sako muryar ganau, siririya kamar ta yaron da ya sha kuka. Mai walda ɗaya ne a garin da ya taɓa zaman gidan yari, don haka rashin faɗin sunansa bai rufa masa komai ba.

"Saje, an kawo mana rahoton nan?"

"Ba a kawo ba, Yallaɓai."

"To, alhamdu lillahi. An yi sata, an yi bincike, an gano ɓarawo, shayina bai ko huce ba. Ƙasa na ci gaba."

Bai rufe baki ba babbar nas ɗin asibitin ta shigo tana haki, mayafi a hannu. Kowa Sista yake ce mata, har waɗanda ta karɓi haihuwarsu.

"Sufeto, an kashe ni! An kwashe baturan da ke riƙe da firijin alluran riga-kafi!"

"Mun ji, Sista. Yaushe kika gani?"

"Ni ban gani ba, ji na yi. Ina kan hanyar zuwa aiki na ji a rediyon mai shago. Na ce ƙarya ne, na ruga, na tarar gaskiya ne."

Sufeto ya ajiye cokali.

"Wato kafin ki buɗe, babu ma'aikacinki da ya san an yi satar?"

"Babu. Tun Asabar na kulle, ɗakin kuma a bayan gini yake, ba mai zuwa can."

Ya ɗauki hularsa. Ya yi shekaru a aikin, amma yau ne karo na farko da ya ga mai kaya ta zo da labarin satarta a matsayin jiyau.

A bayan asibitin, kwaɗon ƙofa na ƙasa, an yanke shi da zarto, yankan mai gaggawa. Firijin ya yi tsit. Sista ta riga ta kwashe alluran cikin kula ta kai wa mai sayar da ƙanƙara, tana ta sa masa albarka don ya buɗe mata firizarsa ba tare da ya tambayi komai ba.

Sufeto bai daɗe a ɗakin ba. Ƙasa ya tsaya dubawa. Sawun tayar baro ya fito daga bakin ƙofa, ya nutse a laka da zurfi, ya nufi titi. A cikin sawun kuma akwai ƙananan ramuka irin waɗanda ɗigon ruwa ke bari.

"Saje, yaushe aka yi ruwa?"

"Jiya bayan azahar, Yallaɓai. Kamar da bakin ƙwarya. Kafin rana ta faɗi ya ɗauke."

"Tun sannan fa?"

"Ko yayyafi babu."

"To, ana tsakiyar ruwan aka tura baron nan. Laka ta jiƙe kafin ya bi, ruwa kuma ya ci gaba da zuba bayan ya wuce. Ɓarawonmu ba ya tsoron mura."

Saje ya yi shiru, irin shirun da Sufeto bai saba ji daga gare shi ba.

Suna nan tsaye wani mai babur ya tsaya ya ce musu 'yan sintiri sun kama Mai Walda, jama'a na taruwa.

Ofishin 'yan sintiri ɗaki ne ɗaya da ƙurya, rufin kwano babu silin. Mutane sun cika ƙofa, wasu da sanduna, wasu da waya a sama suna ɗauka. Saje ya kutsa gaba, ya yi tuntuɓe da wani tsohon bokitin ƙarfe da ke tsakiyar ɗakin, ruwa ya malale masa a takalmi.

"A yi hankali da bokitinmu, Saje," in ji shugaban 'yan sintirin. "Rufin na yoyo, gwamnati kuma ta manta da mu."

Ƙaton mutum ne, da usur a wuya da jar hula. Ciyaman ake ce masa, kuma yana amsawa tun kafin a gama faɗa. A kusurwa Mai Walda na zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure da igiya, leɓensa ya kumbura. Wata mata ta tsaya a gabansa ta baza hannu, keken ɗinkinta ma ta baro shi a buɗe, don tef ɗin awo na rataye a wuyanta.

"Ke ce wa?"

"Yayarsa ce, ranka ya daɗe. Ni na goya shi. Wallahi bai ɗauki ko allura ba."

"Ciyaman, me ya sa kuka kama shi?"

"Rediyo ya faɗa, Sufeto. Mu kuma ba ma barci."

"Kai ma a rediyon ka ji?"

"Kamar kowa."

"Jiya da ana ruwa kana ina?"

"Gidan surukaina. Ofis a kulle yake, makulli ɗaya ne kuma yana aljihuna. Yara duk na sallame su, wa zai yi sintiri cikin wannan ruwa?"

"Gaskiya ne," in ji Sufeto. "Sai ɓarayi. Kwance shi, mu za mu tafi da shi."

Yayar ta bi motar da ƙafa har caji ofis.

Shugaban ofis ya riga su yanke hukunci. Ya kira Sufeto ɗakinsa, waya biyu na ƙara a gabansa.

"Daga sama ake kirana. Gobe da safe a kai shi kotu. Alƙali ya san yadda zai yi da shi."

Sufeto ya san yadda alƙali zai yi da shi. Zai ɗaga shari'a, a mai da mutum gidan yari jiran ranar da ba ta zuwa. Wancan karon ma haka aka yi. An kama Mai Walda a wani samame yana dawowa daga aiki, takardunsa suka ɓace tsakanin ofis da kotu, ya zauna jiran shari'a har 'yar da ya bari a goye ta shiga makaranta. Ba a same shi da laifi ba, ba a kuma wanke shi ba. Wata rana dai aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi. Gari bai riƙe wannan bayani ba, ya yi tsawo. Abin da ya riƙe shi ne ya yi gidan yari.

"Ka ba ni zuwa yamma, Yallaɓai," in ji Sufeto.

"Na ba ka. Ba don kana da gaskiya ba, don motar kotu ba ta da mai sai gobe."

Sufeto ya sa aka kawo Mai Walda, ya ba shi ruwa. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya sau uku.

"Jiya da ana ruwa kana ina?"

"Ina aiki, Yallaɓai."

"A shagonka?"

"A'a."

"A ina?"

Mai Walda ya sunkuyar da kai.

"Ka san idan ka shiga motar nan gobe, 'yarka za ta iya yin aure kana ciki?"

"Na sani, Yallaɓai. Amma na yi alkawari. Wanda ya yi maka rana, ba ka yi masa dare."

Sufeto ya yi tsaki, ya tashi ya raka shi sel da kansa. Ya miƙa hannu zai ɗauko wayar ƙarfen da aka saba ɗaure ƙofar da ita, don sakatar ta karye tun zamanin shugaban ofis na baya. Babu wayar. Ya tura ƙofa, ta rufu ruf, sabuwar sakata ta shige gurbinta da ƙara mai daɗin ji. Ya shafa wurin. Walda ce sabuwa, ko tsatsa ba ta fara ba.

"Saje!"

Saje ya zo yana sosa ƙeya tun daga nesa.

"Wa ya gyara mana ƙofa?"

"Yallaɓai, wato, abin da ya faru shi ne..."

"Ban tambaye ka tarihi ba."

"Shi ne. Jiya. Ya zo da injinsa bayan azahar, ruwa ya tsare shi, bai bar nan ba sai da aka ɗauke. Ni ban roƙe shi ba, wallahi. Tun da ya fito yake cewa sai ya yi mini wani abu."

"Don me?"

Mai Walda ne ya amsa daga cikin sel. "Shi ya tuna wa babban alƙali da ni, ranar da ya zo zagayen gidan yari. Ba don shi ba, da yanzu ina can."

"To me ya hana ka magana tun safe, Saje?"

"Na fito da mutanen da ke tsare na zaunar da su a baranda, Yallaɓai, don a sami wurin aiki. Ba da izini ba. Idan Oga ya ji, igiyar muƙamina ta tafi."

"Sun gudu?"

"Ina za su cikin wannan ruwa? Ɗaya ma shi ya riƙe masa ƙarfe."

Sufeto ya dubi ƙofar, ya dubi mutumin da ke bayanta. Ya ga abubuwa da yawa a aikin nan, amma bai taɓa ganin wanda aka kulle da shaidarsa ba.

Wannan ya ishe shi, amma ya san ba zai ishi gari ba. Idan 'yan sanda suka ce mutum na wurinsu lokacin da aka yi sata, jama'a za su ce an raba da su. Sai an kawo ɓarawo na gaske. Ya nufi gidan rediyo.

Ɗumi-Ɗumi ya karɓe shi a wani ɗan ɗaki da aka manne wa kwalayen ƙwai a bango don kashe amo.

"Sufeto, in sunan majiyata ka zo nema, ka yi asarar mai. Ɗan jarida ba ya tona majiyarsa. Wannan a aji ɗaya aka koya mana."

"Aji biyu fa, inda ake koyar da tabbatar da labari, ka halarta?"

"Ba'a ka zo yi?"

"A'a. Sa mini abin da ka sa wa duniya da safe. Ban ce ka cire masa sauyin murya ba."

Ɗumi-Ɗumi ya danna. Siririyar muryar ta cika ɗakin. "Yanzu-yanzu na gan shi da idona, yana tura baro, ya rufe kayan da buhu..."

"Ƙara sauti. Ba maganar nake so ba."

A bayan muryar akwai ruri mai kauri, na ruwa a kan rufin kwano. A cikin rurin kuma, kusa da mai maganar, wani abu na bugawa a hankali. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

"Yaushe saƙon nan ya shigo wayarka?"

"Yau da safe."

"An yi ruwa yau da safe?"

Ɗumi-Ɗumi ya dubi kwalayen ƙwai.

"Jiya ne. Ana cikin ruwan."

"Ka kira Sista?"

"A'a."

"Ka kira mu?"

"Sufeto, ka fahimci aikin. Ranar Lahadi da yamma wa ke sauraron rediyo? Shirin safiyar Litinin ne ke da jama'a. Na ajiye shi ne kawai."

"Ka ajiye labari don kada ya lalace, ka bar alluran jarirai a firijin da ba wuta. Ka kuma sa an kusa kashe mutum da sanduna."

"Majiyar ba ta taɓa ba ni labarin ƙarya ba."

"Ta taɓa ba ka labarin da ita ba ta fito jaruma a ƙarshensa ba?"

Ɗumi-Ɗumi ya buɗe baki, ya rufe. Wannan ma labari ne, don ba a saba ganin haka ba.

"Tura mini sautin, ka ɗauko na'urarka ka biyo ni. Yau za ka ga yadda ake dafa labari har ya nuna."

Sun tarar da Ciyaman a ƙofar ofishinsa yana ba matasa labarin yadda ya damƙe Mai Walda da hannu ɗaya. Ganin ɗan jarida ya gyara zaman hularsa.

"Sufeto, ya amsa laifinsa?"

"Ya kusa. Mu shiga ciki. Saje, ari tsani da jarkar ruwa, ka hau rufin nan."

"Lafiya?" in ji Ciyaman.

"Gwamnati ta tuna da ku. Za mu duba yoyon."

Saje ya hau yana gunaguni, ya tuttula ruwa. Kwano ya ɗauki ruri. Can sai ɗigo ya ɓullo daga wata huda, ya faɗo cikin tsohon bokitin da aka riga aka mayar wurinsa. Ƙwal. Ƙwal. Ƙwal.

Sufeto ya danna wayarsa. Daga cikinta wani bokitin ya amsa, murya ɗaya, taku ɗaya, kamar tagwaye.

"Bokiti ai da yawa a gari," in ji Ciyaman, amma muryarsa ta fara kama da wadda aka sauya.

"Da yawa. Amma ka ce jiya ofis a kulle yake, makulli ɗaya ne, yana aljihunka, kai kuma kana gidan surukai. In aika a tambayi surukar taka? Ka san tsofaffi ba sa iya ƙarya don suruki, sai don jika."

Sufeto ya ci gaba.

"Ganau ya ce ya ga Mai Walda da baro ana ruwa. A lokacin Mai Walda na caji ofis yana gyara mana ƙofa, a gaban Saje da mutum uku da ba su da dalilin son 'yan sanda. Wanda ya san an yi sata tun kafin mai kaya ta sani, ya kuma ɗora ta kan wanda bai yi ba, ka san sunansa a aikinmu. Buɗe ƙuryar nan."

A ƙuryar, ƙarƙashin tamfol, tsakanin kekunan tsintuwa da wata akuyar da ba a san mai ita ba, baturan na jere. Baron na jingine da bango, laka ta bushe a tayarsa.

Ciyaman ya zauna a kan benci, ya cire jar hular.

"Ba sayarwa zan yi ba, Sufeto, Allah ne shaidata. Jibi zan kai su bayan shagon Mai Walda, in gano su, in mayar wa Sista da hannuna."

"Don me?"

"Zaɓen shugaban sintiri ya ƙarato. Unguwa ta yi lafiya da yawa, mutane sun fara cewa ba mu da amfani. Wata nawa ba a ambace ni a rediyo ba."

"Shi kuma Mai Walda, me ya yi maka?"

"Babu. Shi ne dai wanda kowa zai yarda. Na ce ai ya saba da wurin."

Ɗigo na ƙarshe ya faɗa bokiti.

"Da ka bari sai Sista ta buɗe ƙofa kafin ka aika saƙon," in ji Sufeto, "da yanzu kana kan hanyar lashe zaɓe."

"Na so in haƙura. Amma na ji tsoron kada wani ya riga ni kai labarin."

Saje ya sa masa ankwa. Jama'ar da ta taru da safe da sanduna ta sake taruwa, kuma yanzu kowa na cewa shi dama tun farko bai yarda ba.

Da yamma Ɗumi-Ɗumi ya shiga shiri na musamman. Ya fara da cewa gidansu ne ya fara bankaɗo badaƙalar, don hali zanen dutse ne. Amma daga baya ya yi abin da ba a taɓa jin ya yi ba. Ya ce Mai Walda bai aikata komai ba, wancan karon ma ba a taɓa samunsa da laifi ba, kuma shi mai magana ya yi kuskure. Ya maimaita sau biyu, a hankali, ba kiɗa a baya. Sista ta ji a rediyon mai ƙanƙara, tana kwashe alluranta zuwa firijin da ya dawo da numfashi.

Shugaban ofis ya saurari bayani, ya ce ai dama shi ya ba da umarnin a zurfafa bincike. Batun mutanen baranda kuwa, ya ce bai ji ba, kuma kada a sake faɗa masa.

Sufeto ya buɗe sel da kansa. Yayar ta durƙusa tana kuka tana addu'a, ta roƙa masa gamawa lafiya, da 'ya'ya masu jin ƙai, da ƙarin girma.

"Tashi, Yaya. Ƙarin girman ki bar shi, ya fi ƙarfin addu'ar mutum ɗaya. In godiya ce, ki gode wa Wanda ya saukar da ruwan jiya, da wanda ya ƙi gyara musu rufi."

"Duk na gode musu. Amma kai ne ka sunkuya ka dubi ƙasa."

Sufeto ya gyara hula.

Mai Walda ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu biyu, har da mutanen da ke tsare. Da ya zo kan Saje, Saje ne ya riga shi magana.

"Ka yafe ni, ɗan'uwa. Na yi shiru da safe."

"Ka yi magana ranar da ba wanda ya yi. Waccan ta biya wannan."

Aka shigar da Ciyaman, sakata ta shige gurbinta. Ya kama ƙarfen ƙofar ya girgiza, don duk gari ya san ƙofar sel ɗin nan da kafaɗa ake buɗe ta. Ko motsi ba ta yi ba.

Mai Walda ya ɗauki takalmansa a kan kanta, ya waiwaya.

"Kada ka wahalar da kanka, Ciyaman. Da zuciya ɗaya na yi ta."